Injin Ukashatu

Ran da na fita takaba
ban fara da gaishe-gaishe ba.
Na durƙusa gefen gado na jawo shi,
ɗan akwati fari, bai kai tukunyar miya ba,
mesarsa a naɗe, ƙura ta soma yi mata riga.

Kafin zuwansa ni ce mai gadi.
Minshari ya tashi kamar tirela ta nufo tashar jiragen Jidda,
sai ɗif.
In yi ta ƙirga cikin duhu, har goma sha bakwai,
in kai masa gwiwar hannu,
ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga Bahar Maliya,
ya ce, “Me kuma na yi?”
Da asuba ya ɗau makullin motar kamfani da jan ido,
ni kuwa raina a hannu har ya dawo.

Likita ya ce maƙogwaro ne ke rufewa cikin barci.
Shekara shida injin nan yana buɗe masa ƙofa.
Jikoki su leƙo su ga takunkumi,
su ce Kaka zai tuƙa jirgin sama.
Ba dare ne ya ɗauke shi ba ma.
Bayan la’asar ne, yana tsaye, yana cinikin kankana.

To yanzu ina zan kai ka?

Mai sayen tsohon ƙarfe ya juya shi, ya ce riyal goma sha biyar.
Na ga gudumar da ke cikin baronsa, na ce Allah ya kawo kasuwa.
Marwanu ya ce a kai Haraj, wani zai taya.
Wa zai gaya wa mai sayen abin da ya saya?
Kwandon sharar bakin layi kuwa, inda kyanwoyi ke taro,
rana ta dafa roba, ruwan juji ya sha waya,
ban iya ba.

Tabawa ta hauro bene da kanta.
Gambonta ma, in ji ta, har maƙwabta ba ya bari su runtsa.
Na ce, “’Yar’uwa, iskar cikin nan an auna ta ne
da maƙogwaron mutum guda.
Ko tabarau ba a aro, balle numfashi.”
Ta gyara mayafi ta sauka.
Juma’a biyu ban ga kwanon wainarta ba.

Na zubar da ruwan tanki, na wanke, na kife.
Takunkumi da mesa na bi su da almakashi,
kada wani ya tsinta ya ɗora a fuska.
Robar goshin har yanzu da ƙanshin man kansa.
Nan na ɗan daɗe.

A asibiti, can ƙasan bene,
wani Jibrin ɗan Gadarif, Hausarsa da gishirin Larabci,
ya jona shi, ya kara kunne.
Ya ce in ya ci gwaji, za a sake masa awo,
a ba wanda likita ya rubuta wa, ba shi da hali.
In bai ci ba, akwai masu warware shi,
tagulla gefe, roba gefe, ba a ƙonawa.
Sai ya danna da farce, wani ɗan kati ya fito.
“Hajiya, wannan naki ne. Dararensa ne a ciki.”

Abu kamar ɓawon gyaɗa.
Dare dubu biyu da ɗoriya.

Da zan fito na roƙi takardar ganin likitan barci,
na tura ta ƙarƙashin ƙofar Tabawa.
Katin yana gwangwanin allura, tare da igamarsa.

Ɗakin ya yi shiru, fanka kaɗai ke magana.
Jiya na farka tsakar dare, na ji bakina yana motsi.
Na kai goma sha ɗaya
kafin in tuna.