Turaku Uku

A Mérida, can bayan gadar Rumawa,
kakana Fulgencio ya rufe maƙera
shekara tara ke nan, amma hannunsa bai samu labari ba:
ko cokali ya ɗauka, riƙon masaba yake yi masa.

Na zo masa da ƙamus daga makaranta.
Na ce, Kaka, trabajo, aikin nan da ya tanƙwara ka,
tripalium ne tushensa a bakin Latin:
turaku uku da ake ɗaure mutum a gana masa azaba.

Ko gezau. Ya ƙirga da yatsun da wuta ta bar masa:
"Kuɗin haya. Ciwon baya. Bakuna shida masu jiran burodi.
Uku cif. Wa ya tsegunta wa Rumawa?"

Na ce herrero da ake kiranka
jikan ferrum ne, jikan ƙarfe.
Harafin farko ya narke a hanya,
inuwarsa ake rubutawa, baki ba ya taɓa ta.
Ya ce, "Shekara dubu biyu cikin wuta,
ai dole wani abu ya zube."

Salario kuwa, da gishiri a cikinsa.
Ya lashi bayan hannunsa, ya gyaɗa kai.

Jornal, ladan yini guda.
Casilda ta amsa daga madafa, ba ta ko leƙo ba:
"Yinin tsintar zaitun ya fi na ƙamus tsawo,
tambayi gwiwoyina."

Sai ya ce, "Anselmo fa? Magini ne, albañil.
Nemo min shi."
Na buɗe, na bi layi da farce.
Ba na Latin ba ne, Larabawa suka bar shi nan
tare da rijiyoyi da lemon zaƙi.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Halinsa ke nan. Bai taɓa shigowa ta ƙofar da kowa ke bi ba."

Saura ɗaya, na ce. Compañero:
wanda kuka raba burodi da shi.

Nan dariya ta ƙare.
Shamuwa na kaɗa baki a kan tsohon bango.
Ya jawo burodin, ya karya shi biyu,
ya daɗe riƙe da rabin yana kallon kujerar da ba kowa,
kafin ya tuna ni ce a gabansa.