Haruffa Biyu

Mutari ya kawo ta naɗe cikin sallaya,
kwamfuta ƴar gwanjo, ta sha hannu,
ya dire ta a rumfata ta Kasuwar Dole:
"Kyari, ga rezo bisa kanmu,
wayar kowa na sha, ita ta ƙi gani."

Na leƙa cikinta. Ba ciwo.
Har yau zato take tana Amirka:
ta ƙirga hanyoyin iska goma sha ɗaya, ta tsaya,
akwatin Barira mai shago kuwa
a ta sha uku yake kira.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.
Akwai kundi ɓoye a ƙirjinta,
kowace ƙasa da shafinta:
nan ɗaga murya, can sassauta,
waccan hanyar ta masu duban sama ce, kin ji motsinsu ki kauce.
In ba ta san inda ta kwana ba
sai ta yi zaman baƙo a zaure,
kunne buɗe, baki rufe,
har mai gida ya fara magana.

Na share haruffa biyu, na rubuta biyu.
N da E.
Iyakar aikin ke nan.

Sanduna suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.
Mutari ya riƙe haɓa:
"Ashe iska ma da duwan?"
Na ce, kai mai bin hanyar Magarya duk Laraba,
ka taɓa ganin iyakar da idonka?
Amma kana fiddo takarda.

Ya ba ni jika guda, yana ƙunƙuni:
haruffa biyu kawai!