Zaren Baduku

Sha biyun rana, fankar aji huɗu ta mutu,
alli na jiƙewa a yatsuna.
Jabbi ya miƙo rubutunsa na Turanci:
sakin layi uku, kowa ya ba ɗan'uwansa baya
kamar masu cinikin rago da bai faɗa ba a Kara.

Na ce, ina gada?
Ko Rima da rani sai an tattare wando.
Na jera musu ƙananan kalmomin a allo,
masu nufin amma, don haka, bugu da ƙari.
Luba ta karanta ta farko, "hawa'eba",
wani daga baya ya ce, "Hauwa ba ta zo ba, Malam."
Na bar dariyar ta huce.

Washegari takardarsa na warin jima.
"Malam, ashe ɗinki na.
Baba ba shi soka basilla
inda fata ba ta son 'yar'uwarta."
Ya kankare "don haka" har biyu,
wai ƙarya suka yi,
babu dalili tsakanin ruwan sama da faɗuwarsa jarabawa.

Na rufe jan birona.
Amma...
a'a, nan ba ta da wurin zama.