Rabon Gado a Kan Tudu

Matakala ɗari da goma sha bakwai
daga bakin titi zuwa ƙofar Baba.
Na ƙirga su ran da muka sauko da shi,
na sake ƙirgawa yau, mabuɗi a hannu.
Can ƙasa Valparaíso ta shanya rufin kwanonta,
teku na lasar ƙafar gari kamar ba a yi rashi ba.

Yayana Osvaldo ya ce: kira mota,
a kwashe gaba ɗaya, kowa ya huta.
Na ce: zuwa ina?
Ya nuna da haɓa bayan duwatsu,
inda juji ya yi tozo,
inda tsuntsayen teku ke kokawa kan leda,
inda katifa ke shekara talatin,
ba ta mutu ba, ba ta yi rai ba.
Na ce: ba a binne mutum sau biyu.

Sai na zauna tsakar ɗaki, na fara rabon gado
ga waɗanda ba su san sun gada ba.

Tukunyar ƙarfe mai baƙin gindi,
wadda ke dafa wake tun ban yi haƙori ba,
na miƙa wa Wideline ta gidan ƙasa,
wadda ta baro Haiti da jaka ɗaya da goyo.
Ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kasa kunne,
ta ce: wannan ba ta ƙarya.

Kwalabe arba'in da uku ƙarƙashin gado.
Na ɗauraye, na ware kore daga fari.
Tsoho Eleuterio ya hauro da buhu a kafaɗa, yana haki,
ya ce: waɗannan za a narka su, su dawo sabbi,
ba kamar mu ba.

Jaridu, igiya ta ɗaure.
Tabarau sun tafi asibitin unguwa.
Takalman dako na tashar jiragen ruwa,
dunduniyar hagu ta cinye,
don haka yake tafiya a karkace, kamar mai sauraron ƙasa;
mai gyara ya ce kwana biyu,
akwai wani saurayi da ke neman aiki da silifa.
Labule ya zama tsumma,
tsumma ya goge tagar da ya daɗe yana rufewa.

Rediyon ne ya ba ni wuya.
Shekara shida bai ce uffan ba,
Baba na share masa ƙura duk Lahadi
kamar mai jiran aboki ya huce.
Na ɗauka, na ajiye, na sake ɗauka.
Maite, 'yar maƙwabta, mai yawo da sukundireba a aljihu,
ta ce: ba ni shi in duba cikinsa.
Na ba ta, ba don na yarda ba,
hannuna ne ya gaji.

Kafin rana ta faɗa teku
abin da ya saura bai cika leda ɗaya ba:
soso, burushi, ɓallin faranti.
Osvaldo ya ɗaga ta da yatsa biyu.
Shekara saba'in da tara, ya ce,
wannan kaɗai ƙasa za ta haɗiye?
Na ce: ai ta riga ta karɓi babban kaso.

Bayan mako uku na dawo mayar da mabuɗi.
A matakala ta sittin ƙamshin wake ya tare ni,
ya ɗan kama a gindi, yadda ya saba.
Na daure, na ci gaba da hawa.
Sai daga wata taga, can sama,
mai sharhin ƙwallo ya ɓarke da ihu
cikin wannan shaƙaƙƙiyar muryar,
da ɗan tarin nan da take yi kafin ta washe.

Na dafa bango.
Tun daga ranar ban san ko nawa ne matakalan ba,
a nan ƙirgen ya kuɓuce mini.