Tseren Tsofaffi a Otigba

Ruwan sama ya kashe kasuwa ranar Talata.
Titin Otigba ya koma rafi, ledoji na iyo kamar agwagi,
'yan kiran ciniki sun lafe a bakin rumfuna.
Ni da Obiora muka maƙale a shagona, ƙarƙashin matakala,
inda mutum biyu ba sa miƙe ƙafa lokaci ɗaya.

Tsofaffi biyu ne a kan benci.
Kwantena ɗaya ta sauke su a Apapa,
ƙurar wani ofis na ƙasar sanyi tana nan cikin haƙarƙarinsu.
Na dama Fentiyom huɗu, gigahaz uku cif,
lambar da a zamaninta sai an gyara murya ake faɗa.
Na hagu mai ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya da ɗigo takwas,
bai iya cika baki ba.

Obiora ya ce ko ɗan aji ɗaya ya san uku ta fi.
Na ce a ƙasa ake gani.
Wanda nasa ya faɗi, shayi da burodin Agege suna wuyansa.

Aiki ɗaya muka ba su:
bidiyon sunan jikar wani, a matse shi ya shiga waya.
Sabitu, yarona, ya riƙe agogo.
Ɗaya, biyu, muka danna.

Fentiyom ya fara huci.
Fankarsa ta ɗauki kuka
irin na danfo mai hawan gadar Oshodi da lodi ya yi masa yawa.
Na ɗora tafi a gadon bayansa,
zazzaɓi ne, wallahi, wanda za a gasa masara a kai.
Ɗayan kuwa ko tari.
A cikinsa lugude ake yi,
taɓarya biyu, turmi ɗaya,
wannan na sauka, wancan na tashi.

Minti tara, na hagu ya ajiye kaya ya share hannu.
Muka jira mai uku.
Muka jira.
Ruwa ya tsagaita, mai gyaɗa ta wuce, ta dawo,
sai a na goma sha shida ya iso yana haki.
Obiora ya leƙa cikinsa da tocila
kamar zai ga inda ƙaryar ta ɓuya.

Muna cikin shan shayin sai ga Iya Risikatu,
lema a hammata, zane ya jiƙe har gwiwa.
Shekara ashirin da shida tana buga takardun rantsuwa
a gindin bishiya, kusa da kotu.
Tata ta mutu jiya da la'asar, a tsakiyar sunan wani.

Na zayyana mata tseren, minti da daƙiƙa,
har da luguden.
Ta saurara. Ta ɗaga yatsunta goma,
biyu sun karkace, ɗaya na ɗaure da filasta.
Ta ce, Malam Barau,
a cikinsu wane ne zai riga waɗannan gajiya?
Duk wanda na ɗauka, ni zai zauna yana jira.
Faɗa mini na arha.

Sabitu ya ɗora mata Fentiyom a ka, bisa gammo,
shi da ya sha kaye,
ya fita kasuwa yana kallon kowa daga sama.

Da dare, a motar Agege, na tuna da Sabitu.
Yana kwance waya ya ɗaure kafin in gano inda na ajiye tabarau.
Ban taɓa sa mana agogo ba.
Na duba hannuwana a hasken fitilun titi,
tabon dalma, tsagar sukudireba,
har yanzu da ɗuminsu,
kamar bayan wancan tsoho.

Gobe akwai kwantena.