Mai Jan Keken Dutse

Ni ne Anselmo, mai jan keken dutse a Valparaíso,
ɗakuna biyu na katako, rataye da igiya ɗaya:
in wannan ya hau, dole wancan ya sauka.
Shekara ashirin da uku ina riƙe da birki,
ban taɓa ganin sun isa sama tare ba.

Ƙarfe uku na dare, teku na tari a ƙasan unguwa,
ni kuwa ina gaban firiji, ƙafa ba takalmi.
Ba yunwa ba ce. Na ci wake da daddare, na ƙara.
Wani abu ne ke kai-komo a ƙirjina
kamar ɓera a gwangwanin madara,
ba ya shiru sai na danne shi da burodi da cuku.
Tun ranar da ƙasa ta girgiza
ina da mutum tara a tsakiyar layi,
ɓeran bai fita ba.

Herminia na jin ƙarar murfin. Sai ta ja bargo.

Likita Painemal ta shimfiɗa takardar jinina,
ta yi zane da biro a bayan ambulan.
Ta ce ciki yana da ɗan aike, girelin,
shi ke buga wa ƙwaƙwalwa ƙofa, a kawo abinci;
rashin barci da fargaba kan ƙara masa baki.
Kitse ma da nasa, leftin,
mai cewa ya isa haka, rumbu ya cika.
Naka, in ji ta, ba ƙaranci ya yi ba,
kira ya yi ta yi har kunne ya saba,
yadda maƙwabtan tasha ba sa jin jirgi.

Na ce, to wanne ya riga wani?
Tsoron ne ya kira cin,
ko nauyin ne ya haifi baƙin ran?
Ta cire tabarau, ta murza ido.
Ta ce masana na kan tono, ba su kai ƙasa ba,
amma da alama igiyar ɗaya ce,
ana jan ta ta kowane kai.

Igiya.
Wannan yaren nawa ne.

Da can kwaɗayi nake kiransa.
Haka surukina Fermín ke kiransa a kan tebur,
haka yaran makaranta, da ido,
in katako ya yi ƙara ƙarƙashin ƙafata.
Na haɗiye sunan, ya zauna mini a ciki
ya fi kowane burodi nauyi.

Ban rame ba, kada in yi muku ƙarya.
Bel ɗina yana ramin da yake.
Sai dai ranar Talata nakan zauna da wasu mutum shida
a ɗakin bayan asibiti, muna ba ɓerayenmu suna.
Matakalar unguwarmu ɗari da sittin da biyu ce,
jiya na taka arba'in,
na zauna ina haki kusa da wata kyanwa mai ido ɗaya.

Daren jiya ma na tashi ƙarfe uku.
Hannuna na kan murfin, na ji takunta.
Ba ta ce komai ba, ta ɗora ruwan shayi.
Na ce, Herminia, tsoro nake ji.
Ta ce, na sani. Miƙo kofi biyu.

Burodin yana nan. Na ci rabi.