Inda Allura Ke Tuntuɓe

Ruwa ya ci sunansa tun ban san dama da hagu ba.
Abin da ya rage a bangon kwali
baƙin mutum ne, ido a rufe, kumatu a cike,
ya rungume ƙahon tagulla mai wuyan zalɓe.
Babana Jatau, direban katafila a ramin kuza na Bukuru,
bai san sunansa ba, bai kuma tambaya ba.
Mai Busa yake ce masa,
kamar wani maƙwabci da ya yi tafiya.

Wani injiniya ne da zai koma ƙasarsu
ya bar masa garmaho da faifai ɗaya
a bakin ladan aikin dare na wata biyu.
Inna ta juya shi gaba da baya, ta ce,
faifan da ba ya rufe tuwo, na mene ne?

Asabar, bayan isha'i, a Gangare,
sanyi ya gangaro daga duwatsu ya zauna a ƙofa.
Davou mai gyaran rediyo zai shigo
da gasasshen dankali a takardar siminti.
Ba su cika magana ba.
Ganga za ta fara, ƙasa-ƙasa, kamar mai shara da asuba,
fiyano na ɗiga kamar sauran ruwa a bakin kwano,
sai Baba ya ɗaga yatsa:
Ji. Yana shan iska.
Kuma da gaske ana ji,
numfashin mutum tsirara, kafin ya zama kiɗa.

Daga nan busar ta tashi.
Ba ta kirarin kowa, ba ta roƙon kowa.
Ta hau, ta ɓace hanya, ta yi gardama da kanta,
ta dawo gida ta bayan gida.
Na taɓa tambaya, me yake cewa?
Baba ya ce, da yana faɗuwa da baki, ai da bai sayi ƙaho ba.

Ni na ji masa ciwo.
Ina shekara bakwai, na ɗauki ƙusa
in ga ko mutumin na ciki zai fito.
Tun ranar, a waƙa ta biyu, daidai inda ya fi nisa,
allura sai ta yi tsalle, ƙyat, ta dira gaba.
Baba bai dake ni ba.
Ya ɗora kwabo a kan allurar, bai hana ba.
Davou ya ce doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe.
Muka saba. Har kai muke dukawa kafin wurin ya zo.

Shekarar da gari ya rabe unguwa-unguwa
Davou ya kwashe kayansa zuwa Hwolshe.
Tafiyar naira ashirin ce, ta gagari tsofaffi biyu.
Baba ya ci gaba da ajiye kujera.
Ƙirjinsa da ya sha ƙurar rami
ya koma yin nasa busar da dare,
mu kuma muna kwance muna ji yana shan iska.

Jiya 'yata Lantana ta kara wayarta a bakin garmahon.
Ko minti ba a yi ba ta ce, ga shi, Baba, sananne ne,
duniya duk ta san shi.
Ta karanto sunan. Na bar shi ya wuce.
Ta kunna mini sabo, fes, babu ƙaiƙayin allura.
Waƙa ta biyu ta zo, na duƙa da kai,
bai yi tsalle ba.

Ashe sauti uku ne a wurin.
Uku kacal, masu saukowa a hankali
kamar mai sauke tulu daga kai.
Shekara talatin Baba yana zuwa bakin wannan rami yana tsallakewa,
ya tafi bai ji su ba.

Lantana ta ce, in maimaita?
Ni kuwa hannuna na cikin aljihu
yana laluben kwabo.